Tsofaffin motocin Amurka: Yadda araha ke komawa tsada kafin ta iso Daura

A ƙasar Amurka, mutum mai matsakaicin albashi na iya tara dala dubu 10 zuwa 15, ya sayi tsohuwar motar tsere ƙirar Chevrolet Corvette ko Ford Mustang ta shekarun 1980, ya ajiye ta a gida yana lallaɓa ta da hannunsa a ranakun hutu.

A yau hotunan irin waɗannan motoci da farashinsu na isa wayoyin matasa a Daura da Mai'aduwa da Zango, kamar yadda suke isa ko'ina a duniya.

Kuma a yankin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar, inda jama'a suka daɗe da sanin cinikin motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, ba abin mamaki ba ne mutum ya tambayi kansa: in dai haka arahar take, me zai hana a yi odar guda ɗaya?

Sai dai kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tsakanin wurin gwanjon motoci a Amurka da ƙofar gida a Daura akwai dokar kwastam, da manufar gwamnati kan iyakokin ƙasa, da darajar naira, da kuɗin man fetur, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya sauya sosai tun daga shekarar 2017.

Dokin ƙarfe

An fara ƙera Corvette a shekarar 1953, kuma guda 300 kacal kamfanin ya fitar a shekarar farko.

Ita kuwa Mustang, a ranar 17 ga watan Afrilun 1964 ne kamfanin Ford ya gabatar da ita a wani babban bajekoli a birnin New York, a kan farashin dala 2,368. Cikin shekara guda an sayar da fiye da dubu 400.

Sunan nata na dawakin jeji ne da ke kiwon kansu a yammacin Amurka, kuma hoton doki a guje shi ne tambarinta, abin da ba zai zama baƙo ba ga mutanen da suka tashi suna kallon hawan Salla da hawan Sallar Gani a ƙofar fadar Daura.

Nasarar Mustang ce ta sa sauran kamfanoni suka biyo sahu da Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird da Dodge Challenger, dukkansu da manyan injina masu silinda takwas, a zamanin da fetur ke da matuƙar araha a Amurka.

Wannan zamani ya zo ƙarshe ne bayan da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita sayar wa Amurka ɗanyen mai a shekarar 1973, sannan hukumomi suka tsaurara dokokin hayaƙi, abin da ya tilasta wa kamfanonin rage ƙarfin injinansu.

Daga nan ne kasuwar ta rabu gida biyu.

Motocin shekarun 1960 sun koma kayan attajirai. A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata Mustang ta 1968, wadda ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan uku da dubu 700.

Waɗanda aka ƙera daga baya kuwa suna da yawa, shi ya sa suke da sauƙin kuɗi. Samfurin Corvette na 1984 zuwa 1996 an ƙera fiye da dubu 350, shi kuma na Mustang na 1979 zuwa 1993 ya haura miliyan biyu da rabi.

Wato dai arahar ta samo asali ne daga yawan motocin a can, da yawan kayan gyaransu, da kuma yawan waɗanda suka iya gyara su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku da ke biyo motar cikin jirgin ruwa.

Shingen shekara 12

Shinge na farko shi ne doka.

A ƙasashe da dama, tsufan mota kan ƙara mata gata. A Jamus, motar da ta kai shekara 30 tana cikin kyakkyawan yanayi na iya samun lamba ta musamman ta motocin tarihi. A Birtaniya, wadda ta kai shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya. Ita kanta Amurka tana sassauta ƙa'idojin shigo da mota daga waje idan ta kai shekara 25.

A Najeriya lamarin akasin haka ne. A shekarar 2010 gwamnati ta ƙayyade cewa ba za a shigo da motar da ta wuce shekara 15 da ƙerawa ba, sannan a 2022 hukumar kwastam ta rage wa'adin zuwa shekara 12.

Ma'aunin da dokar ta yi amfani da shi shi ne shekarar ƙira, ba darajar motar ta tarihi ba. Don haka Corvette ta 1990 ta faɗa rukuni ɗaya da kowace ruɓaɓɓiyar motar da wani ke neman inda zai zubar.

Gwamnati na da hujjarta. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin da aka yi amfani da su guda miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Rahoton ya ce da yawa daga cikinsu ba su cika ƙa'idojin hayaƙi da na kare lafiyar matafiya ba.

Ƙasar da ke ƙoƙarin kada ta zama bolar wasu, da wuya ta buɗe ƙofa ga motocin da suka shekara 30 ba tare da wani tsari na tantancewa ba.

Abin da ya rage wa mai sha'awa, idan yana so ya bi halastacciyar hanya, shi ne sababbin samfura na Mustang ko Camaro ko Challenger da ba su kai wa'adin ba. Waɗannan kuwa ba tsofaffi ba ne, kuma ba masu araha ba ne.

Sannan ga haraji. Manufar bunƙasa masana'antar motoci da gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar a 2013 ta ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci zuwa kashi 70 cikin 100. An sassauta daga baya, inda a 2022 kwastam ta sanya kashi 20 na haraji da ƙarin kashi 15 a kan motocin da aka yi amfani da su, ban da harajin kayan masarufi da kuɗaɗen tashar jiragen ruwa.

A wannan shekara ce kuma hukumar ta soma ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar da ke jikinta, abin da ya rage damar da dillalai ke da ita a da ta daidaitawa da jami'ai kan farashi.

Iyakar da ta daina kawo mota

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma rayuwar kasuwancinta na ɗaure da maƙwabtanta na jihar Damagaram.

Hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Kwangwalam ta shiga Ɗan Barto da Matamaye, tana daga cikin tsofaffin hanyoyin fatauci tsakanin Kano da Damagaram.

Shekaru da dama, motocin da ake kira 'yan Beljiyam kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, a koro su zuwa Nijar, daga nan su shigo arewacin Najeriya ta mashigai irin su Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari.

Harkar ta ciyar da dubban mutane, kama daga direbobi da dillalai da masu fiton kaya, har zuwa bakanikai da masu sayar da abinci a tashoshi.

Daga ranar 1 ga watan Janairun 2017 ne gwamnatin Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, ta haramta shigo da motoci sababbi da tsofaffi ta iyakokin ƙasa, ta ce sai dai ta tashoshin jiragen ruwa.

A watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya. Sai a Disambar 2020 aka soma buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari, sannan Jibiya da Kamba suka biyo baya a watan Afrilun 2022.

Ba a jima ba sai ga juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga watan Yulin 2023, wanda ya sa ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta sake rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. Ko bayan janye takunkumin, hukumomin Yamai sun ci gaba da rufe iyakarsu da Benin, abin da ya toshe hanyar Kwatano daga tushe.

Sakamakon haka, mutumin Daura da ke da tashar kwastam kusa da gida, dole motarsa ta sauka a Legas ko wata tashar ruwa ta kudu, ya biya kuɗin ɗauko ta tafiyar fiye da kilomita dubu.

Akwai masu bin ɓarauniyar hanya, kamar yadda aka sani a kowane gari na bakin iyaka. Amma motar da ta shigo ta fasa-ƙwauri ba ta da takardun kwastam na gaskiya, kuma ana iya ƙwace ta a kowane shingen bincike.

Ga motar haya wadda ake fatan ta mayar da kuɗinta cikin watanni, wasu kan yi wannan kasada. Ga motar sha'awa kuwa, wadda duk amfaninta shi ne a fito da ita a gan ta, kasadar ba ta da ma'ana. Abin da aka saya domin a nuna, ba ya yiwuwa a ɓoye shi.

Lissafin naira da fetur

Ko da an ɗauke batun doka, lissafin kuɗi kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

A shekarar 2014, lokacin da ake canjin dala a kan kimanin naira 160, motar dala dubu 10 na daidai da naira miliyan ɗaya da dubu 600.

A farkon 2023, a farashin gwamnati na kimanin naira 460, ta koma naira miliyan huɗu da dubu 600.

Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Motar nan dai, wadda ba a ƙara mata ko sisi ba a Amurka, ta kai naira miliyan 15 tun kafin a biya kuɗin jirgi da haraji. Kuma shi kansa harajin da farashin dala ake lissafa shi.

Haka abin yake ga fetur. Kafin sanar da janye tallafi a ranar 29 ga watan Mayun 2023, ana sayar da lita a ƙasa da naira 200 a gidajen man gwamnati. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura naira dubu a Abuja da wasu jihohin arewa.

Injin mai silinda takwas irin na waɗannan motoci yakan sha kimanin lita 15 a tafiyar kilomita 100. Tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne, don haka zuwa da dawowa zai ci kimanin lita 24.

A farashin ƙarshen 2024, wannan ya kai naira dubu 24, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a watan Yulin shekarar.

Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A wannan harka, kuɗin sayen motar shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za a kashe a kanta.

Bakanike da hanya

Ba komai ne ke adawa da mai sha'awar ba.

Tun daga watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar Amurka mai sitiyari a hagu ta dace da hanyoyin ƙasar ba tare da wani sauyi ba.

Busasshen yanayin Daura ma alheri ne ga ƙarfe. Babban abin da ke cinye tsofaffin motoci a arewacin Amurka shi ne tsatsa, saboda gishirin da ake watsawa kan tituna lokacin ƙanƙara. Shi ya sa masu saye a can ke rububin motocin da suka fito daga jihohi masu zafi irin su Arizona.

Sai dai zafin bazara da kan haura digiri 40 a watan Afrilu na gwada ƙarfin lagireto, rana na busar da robobi da kujeru, ƙurar hunturu kuma na toshe kabureta da matatar iska.

Motar tsere gajera ce, cikinta na dab da ƙasa. Tana iya jin daɗin kwaltar Daura zuwa Kano, amma tudun rage gudu guda ɗaya a cikin gari, ko rairayin hanyar ƙauye, na iya fasa mata tankin baƙin mai ko ya tsinke salansa.

Akwai kuma matsalar hannu. Jikin Corvette ba na ƙarfe ba ne, na wani nau'in roba ne da aka haɗa da zaren gilashi, don haka gwanintar mai gyaran jikin mota da guduma da walda ba za ta yi aiki a kansa ba.

Nototin tsofaffin motocin Amurka da awon inci aka yi su, alhali sifanun da ke akwatin yawancin bakanikai na awon milimita ne, irin na motocin Japan da Turai.

Injinan da aka ƙera kafin farkon shekarun 1970 kuwa an tsara su ne domin fetur mai ɗauke da dalma, wanda aka daina sayarwa a yankin Afirka kudu da Sahara tun wajen 2006, saboda illarsa ga lafiya. Irin waɗannan injina na buƙatar gyara na musamman kafin su jure wa man da ake sayarwa yanzu.

Kayan gyaran Toyota ko Honda ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a yini guda. Na Pontiac kuwa, wadda aka daina ƙerawa tun 2010, sai an yi oda daga ƙetare, a biya da dala, a jira makonni.

Sannan akwai haɗarin da ke tattare da saye daga nesa. Yawancin motoci mafi araha a wuraren gwanjon Amurka waɗanda kamfanonin inshora suka yanke ƙauna daga gare su ne, sakamakon haɗari ko ambaliya. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye, wasunsu kuma suka shiga kasuwa. Hoto ba ya nuna lakar da ta shiga cikin wayoyi.

Sha'awa ko almubazzaranci

Akwai kuma yadda al'umma za ta kalli abin.

A shekarar 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a arewa suke.

A irin wannan yanayi, wanda ya kashe miliyoyin naira a kan mota mai kujera biyu, wadda ba ta ɗaukar iyali balle buhun gero, zai sha tambaya daga 'yan uwa da maƙwabta.

Amma ƙasar Hausa ba baƙuwar sha'awa mai tsada ba ce. Kiwon doki na cin kuɗi kullum, daga harawa da dusa zuwa sirdi da kayan ado, kuma ba a hawansa sai lokaci zuwa lokaci. A Katsina, wasan folo ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagoggo kuma ya yi suna a kansa har a ƙasashen waje.

Bambancin shi ne kuɗin doki a gida yake zagayawa. Manomi da baduku da maƙeri da mai kula da barga duk suna samu. Kuɗin tsohuwar motar Amurka kuwa, mafi yawansa ƙetare yake tafiya.

A fannin shari'a, malaman fiƙihu sun bambance tsakanin abin hawa da mutum ya mallaka don amfanin kansa, wanda babu zakka a kansa, da wanda ya saya da niyyar sayarwa idan ya yi daraja, wanda ke shiga hukuncin kayan fatauci. Wanda ke kallon motar a matsayin ajiyar kuɗi ya kamata ya san wannan.

Batun rai ma na nan. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ne Amurka ta wajabta sanya jakar iska mai kare direba da fasinja a dukkan sababbin ƙananan motoci. Mota mai ƙarfin gudu wadda ba ta da irin wannan kariya, a hannun matashi, a kan hanyar da ake rabawa da babura da amalanke da garken shanu, abu ne da ke buƙatar hattara, musamman ganin yadda wasan mota a lokutan biki ya sha jawo asarar rayuka a garuruwan arewa.

Dukiyar da ke kwance a gida

Idan manufar ita ce mallakar tsohuwar mota mai tarihi a kan kuɗi kaɗan, to amsar na iya kasancewa a bayan gida, ba a ƙetaren teku ba.

Motocin Amurka ba baƙi ba ne a Najeriya. Ƙananan motocin Ford masu sauƙin nauyi na cikin waɗanda suka buɗe harkar sufurin mota a zamanin mulkin mallaka, kuma a shekarun 1950 da 1960 manyan Chevrolet da Pontiac na cikin motocin da 'yan siyasa da attajirai ke alfahari da su.

Abin ya sauya ne a shekarun 1970. A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma ya buɗe tasa a Legas. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mayar da Fijo motar jami'anta, ƙarin albashin Udoji kuma ya ba ma'aikata da dama damar sayen motarsu ta farko.

Fijo 504, wadda aka soma ƙerawa a Faransa a 1968, ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai.

Ita da 404 da 505, da Boswaja mai siffar kunkuru, da Marsandi ta ƙarshen shekarun 1970, da tsohuwar Landiroba, su ne motocin da suka kai amare ɗakunansu, suka kai alhazai filin jirgin Kano, suka yi jigilar fasinja tsakanin Daura da Katsina da Damagaram.

A ma'aunin ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, motar da ta kai shekara 30 aka adana ta a kan asalinta ta shiga sahun motocin tarihi. Da yawa daga cikin waɗannan sun cika wannan sharaɗi, kuma masu sha'awa a Turai na neman irinsu.

Suna da takardu, ba sa buƙatar dala ko jirgin ruwa, kuma har yanzu akwai dattawan bakanikai da suka san su ciki da waje.

Matsalar ita ce suna ƙarewa. Tsadar ƙarfe ta sa 'yan gwangwan na bin gida-gida da gareji-gareji suna sayen motocin da suka daɗe a ajiye, su daddatse su, a auna a kan sikeli, a kai kamfanonin narka ƙarfe. Motar da aka narkar ba ta dawowa, haka ma ilimin gwanin da ya rasu bai koyar da kowa ba.

Ƙasar Cuba ta nuna abin da ke yiwuwa. Takunkumin da Amurka ta sanya mata tun farkon shekarun 1960 ya tilasta wa jama'a raya motocin shekarun 1950 da dabarun gida, kuma daga baya motocin suka zama abin da ke jawo masu yawon buɗe ido zuwa birnin Havana.

A Najeriya ma akwai misalai. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta a ranar 13 ga watan Fabrairun 1976 an adana ta a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, fadar Kano kuma ta shahara da tsohuwar Rolls-Royce ta shekarun 1950 da aka gada daga sarakunan baya.

Abin da ya rage

Daura na da dalilai biyu na ɗaukar wannan batu da muhimmanci.

Na farko, gari ne da ya san darajar adana abin da ya gada. Rijiyar Kusugu da kayan tarihin da ke fadar Sarki Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007, su ne ke jawo baƙi zuwa garin.

Na biyu, a nan ne aka kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a watan Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina ta. Akwai kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Daura.

Jami'ar da ke koyar da sufuri na buƙatar wurin da ɗalibai za su ga tarihin abin da suke karantawa. Tattara 'yan tsofaffin motoci daga gidajen sarauta da na tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, tare da ɗauko gogaggun bakanikai su koyar da gyaransu, ba zai ci kuɗin shigo da motocin tsere biyu ko uku daga Amurka ba.

A ɓangaren gwamnatin tarayya kuma, ana iya duba yiwuwar ware wani rukuni na musamman ga motocin tarihi, mai tsauraran sharuɗɗa da haraji na daban, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi.

Haɗarin da ke ciki a fili yake. Duk ƙofar da aka buɗe wa motar da ta shekara 30, akwai masu jiran su turo tarkace ta cikinta da sunan tarihi. Ko tsarin zai yi aiki ya dogara ne da ko kwastam za ta iya tantancewa cikin gaskiya.

Kafin a kai ga haka, shawarar da lissafi ke bayarwa ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Daura ita ce ya fara tabbatar da takardun kwastam da na mallaka, ya nemi bakaniken da zai kula da motar tun kafin ya saye ta, sannan ya ware kuɗin gyara daban da kuɗin saye.

Wanda ya yi wannan lissafi zai iya gano cewa Mustang ta fi ƙarfin aljihunsa, amma Fijon mahaifinsa da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, na iya tashi da kaɗan daga cikin kuɗin, matuƙar ya riga 'yan gwangwan isa gare ta.